Illa Mai Ɗaurin Kwali da Ciwon Cikin Alhaji Shitu

A bene na huɗu na ginin Tianxiu, can ƙarshen lungun da ƙarar yage salatif ba ta yankewa, nan Illa yake ɗaurin kaya. Mutumin Damagaram ne, gajere mai kaurin dantse, ya ba hamsin baya da kaɗan. Shekararsa goma sha huɗu ke nan a Guangzhou yana cusa mayafai da takalma da jakunkunan mata cikin kwali, ya hau kai da gwiwa, ya naɗe har sai kwalin ya yi tauri kamar bulo. 'Yan kasuwar Kano da Maraɗi sun yarda da hannunsa. Cewa suke kwalin da Illa ya ɗaure ko daga jirgi aka jeho shi, ƙasa ce za ta ji ciwo.

Sai dai ba ɗaurin kaya ne ya sa lambarsa take cikin wayar kusan duk Bahaushen da ke zuwa garin ba. Yana da wani aiki na biyu wanda ba shi da suna, ba kuma wanda ya naɗa shi a kai: raka marasa lafiya asibiti. Matarsa Habsatou, wadda take can Damagaram da yara, takan turo masa saƙon murya ta ce a gaida lokotoron da bai gama lakwal ba, wato likitan da bai gama makaranta ba.

Abin dariyar shi ne Sinancin nasa. A bakin kasuwa ya tsinto shi, kalma nan kalma can, ya zuba masa karin harshen Damagaram ya gauraya. Idan ya buɗe baki, masu shago sukan ɗan karkata kai kamar masu sauraron rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Kowa a wurinsa “lawban” ne, wato maigida, daga direban tasi har ɗan sanda. Ga samarinmu da suka yi jami'a a ƙasar, waɗanda Sinanci ke zuba a bakinsu kamar a nan aka yanke musu cibiya. Amma idan jiki ya ƙi daɗi, sai a tsallake su a nemi Illa.

Shi ma a gadon asibiti ya koyi aikin. A shekararsa ta biyu ciki ya murɗe shi ta gefen dama, ya tafi asibiti shi kaɗai. Likitar mace ce. Ta danna wurin, ta tambaye shi da fuska da hannu ko da zafi. Illa kuwa tun yana ƙarami aka koya masa namiji ba ya raki a gaban mace, kuma mara lafiya idan aka tambaye shi jiki godiya yake fara yi. Sai ya washe baki ya ɗaga babban yatsa, gumi na bin bayansa. Likita ta ga mutum yana murmushi, ta rubuta masa maganin ɓacin ciki. Bayan kwana biyu aka kwaso shi ranga-ranga, afendis ya fashe. Sati uku ya yi a kwance.

A gadon da ke kusa da nasa akwai wani dattijo mai gashin baki daga ƙasar Peru, ya zo sarin fitilu ciwo ya kayar da shi. Illa da guntun Faransancinsa, dattijon da Sifaniyancinsa, haka suke tsintar maganar juna. Kullum da safe idan likita ya shigo, dattijon sai ya gyara zama ya shafa gashin baki, duk abin da aka faɗa ya gyaɗa kai ya ce, “Si, dokto, si.” Likita na fita ya damƙi ƙarfen gado yana nishi. Rannan Illa ya yi dariya har ɗinkinsa ya nemi warwarewa, ya tambaye shi dalili. Dattijon ya ce a garinsu rashin ladabi ne ka cika babban mutum kamar likita da ƙorafi, kuma ko rabin abin da aka gaya masa bai gane ba, kunyar ya ce a maimaita yake ji. Daga nan ya nuna ɗinkin cikin Illa, ya washe baki, ya ɗaga babban yatsa yana kwaikwayonsa. Labarin ya riga ya zaga ɗakin. Dariyar Illa ta tsaya cak.

Ranar ya gane likita ba ɗan duba ba ne, abin da ka ba shi da shi zai yi aiki. Wata tsohuwa da ke jinyar mijinta a ɗakin ta ɗauke shi ɗalibi, ta riƙa nuna masa gaɓoɓi a jikin tsohon nata tana faɗin sunayensu, tsohon na kwance yana harararsu. Illa ya fito asibiti ya san sunan hanta da ƙoda da saifa, alhali tambayar hanyar tasha tana ba shi wuya. Ya kuma koyi yadda abin yake tafiya a nan: inda ake karɓar lamba, yadda likita yake da minti uku kacal kafin na bayanka ya leƙo, da yadda ƙofar ɗakin ganin likita take zama a buɗe, masu jira su shigo da takardunsu su tsaya a kanka suna sauraron ciwonka, wani ma ya ba da shawara.

Cikin masu kawo masa ɗaurin kaya babu wanda yake jin daɗin zuwansa kamar Alhaji Shitu. Bakano ne, mai sarin mayafai, dogo, ya kusa saba'in, sau biyu yake zuwa a shekara. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa, to su biyun sun ɗauke shi kamar ibada. Tun daga bakin lif Alhaji yake fara tambayar ina ɗan ƙauyen nan da aka kawo birni a kwali. Illa ya amsa da cewa a tattara kaya, Bakano ya iso, kada ya sayar da benen yana tsaye a kai.

Wannan zuwan na watan Agusta, ana zafin nan mai ɗanko da ke manna wa mutum riga a baya, Alhaji ya iso benen ranar Litinin da hantsi ba tare da ya nemi ɗan ƙauye ba. Sallama kawai ya yi. A bayansa surukinsa Abdulrasheed ne riƙe da jaka. Shi ne mijin Surayya, 'yar farin Alhaji, wadda ko sunanta ba ya faɗa. A ƙasar ya yi karatun injiniya, suna zaune a unguwar Panyu. Alhaji bai taɓa kwana a gidansu ba, otal yake sauka a Xiaobei, ko sunan surukin ma ba ya kira, sai dai ya ce Injiniya. Shi kuma Injiniya idan yana magana da Alhaji, takalmansa yake kallo.

“Bakano, yau an yi maka ƙwacen baki ne a kwastan?” in ji Illa, yana tura masa kujera.

“Jiki ne ba daɗi.”

Injiniya ya ɗan rusuna ya yi bayani. Tun ranar Juma'a Baba yake fama da ciki. Sau biyu ya kai shi asibiti, shi ya yi fassara da kansa, likita ya ce alamar olsa ce, ga magunguna nan a leda. Ranar Alhamis in Allah ya yarda Baba zai hau jirgi.

Illa ya yi musu sannu ya koma kan kwalinsa, amma ido ɗaya yana kan Alhaji. Ya zuba masa shayi, Alhaji ya ce ya ƙoshi. Mutumin da yakan shanye buta guda yana kushe ta. Ya miƙa masa ruwa, ya ce sai an jima, ga shi leɓensa ya bushe. Cikin awa guda Alhaji ya tashi sau uku ya nufi bayan gida, kowane zuwa ya daɗe, ya dawo goshinsa da gumi. Idan zai zauna, a bakin kujerar yake ɗosana jiki, hannunsa kuma ba a ƙahon zuciya yake ba, can ƙasan cibiya yake. Da aka yi azahar a ɗan masallacin da ke bayan shagunan, a zaune ya yi salla.

Bayan salla Alhaji ya aiki Injiniya kasuwar Guangyuan ya karɓo sauran mayafan da ba a gama haɗawa ba. Illa ya jira har lif ya rufe, ya ajiye salatif, ya jawo kwali ya zauna daf da shi.

“Alhaji, olsar nan taku ta Kano ta iya tafiya. Tamu a nan sama take zama. Taka kuwa ta gangara har mara.”

“Kai da ka san kwali, me ya haɗa ka da olsa?”

“Kwali ma idan ya cika ya fara kumburi ina gane shi. Yaushe rabonka da fitsari na kirki?”

Da wani ne ya yi wa Alhaji Shitu wannan tambaya, da sun rabu ke nan har abada. Amma Badamagare ne, kuma abin da Badamagare ya faɗa wa Bakano ba a kai shi ƙara. Alhaji ya dubi lungun hagu da dama, ya sauke murya.

“Kai dai ba ka da ta ido. Tun Juma'ar. Ɗigo-ɗigo yake zuwa, kamar famfon da aka ɗauke wa ruwa. Tun asubar yau kuwa ko ɗigon babu.”

“Ka gaya wa lokotoro?”

“Da bakin wa? Mijin yarinyar nan yana tsaye a kaina. In buɗe baki in yi masa zancen marata, shi kuma ya juya shi da yaren mutane ya miƙa gaba? Na ce ciki ne. Ai ban yi ƙarya ba, mara ma a ciki take. Kwana uku ne ya rage. Ina da likitana a Kano, sa'ana ne, tare muka yi makarantar allo. Shi zan gaya wa.”

Illa ya shiga lissafin hanyar. Awa goma da wani abu a sama kafin a sauka a canja jirgi, ga bel ɗaure a kan marar nan. Ya taɓa raka wani dattijon Yamai mai irin wannan, ya kuma ji abin da likita ya ce: idan ruwan ya rasa hanyar fita, baya yake komawa ya taɓa ƙoda.

“Alhaji, ƙodarka ba ta san Alhamis ba. Tashi mu tafi.”

“Yaron nan ya bar aikinsa kwana biyu saboda ni. In ture shi in bi mai ɗaurin kwali? Cewa zai yi Sinancinsa na raina.”

“To kada ka ture shi, ka ƙara masa girma. Ba yau ake loda kayanka a sito ba? Wa ya kamata ya tsaya a kai in ba mai digiri ba?”

Alhaji ya dube shi. Can ya ciro waya ya kira Injiniya, ya ce idan ya karɓo mayafan ya wuce sito ya tsaya a kan lodi, kada ya motsa sai an rufe kwantena, don bai yarda da ma'aikatan ba. Illa ya bar kwali a buɗe da rabin kaya a ciki, abin da bai taɓa yi ba, ya tare tasi.

A asibitin ya san injin da zai danna da sashen da zai nema. Ya tsaya gaban allon da ke ɗauke da hotunan likitoci, tunda rubutun ba ya karantuwa a wurinsa, ya zaɓi wanda ya fi kowa furfura. Likita Luo sunansa. Da lambarsu ta fito suka shiga, suka tarar da mutum uku a tsaye da takardu a hannu, ɗaya har ya jingina da teburin. Illa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rusunawa yana “shiye-shiye, lawban, shiye-shiye,” yana godiya yana tura su waje a hankali, har ya rufe ƙofa ya jingina bayansa da ita. Sannan ya juya fuskarsa ga bango. Haka yake yi idan dattijo zai faɗi abin da ke da nauyi: kunne yana aiki, ido yana kallon kalanda.

Likita ya tambayi inda ke ciwo da yadda zafin yake, daga ɗaya zuwa goma.

“Alhamdu lillahi,” in ji Alhaji. “Da sauƙi.”

“Allah ya ji godiyarka,” in ji Illa, yana kallon bango. “Saura lokotoro. Nawa?”

Alhaji ya ɗaga yatsu takwas. Ya ɗan yi tunani, ya ƙara ɗaya.

Daga nan magana ta buɗe. Alhaji yana faɗa da Hausa a hankali, Illa yana jefa wa likita da Sinancinsa na kasuwa, gajere-gajere, babu ado: fitsari meyo, wato babu. Kwana huɗu kaɗan-kaɗan. Yau babu sam. Mara tauri. Ruwa ba ya sha, tsoro. Likita ya taɓa marar sau ɗaya, fuskarsa ta canja. Ya juya ga kwamfuta ya karanta bayanin zuwan da aka yi a baya, ya ɗago yana tambaya da ɗan zafi. Illa ya sa ya maimaita sau biyu kafin ya kama.

“Ya ce a rubuce yake nan, an tambaye ka fitsari har sau biyu, ka ce lafiya lau.”

“Ni? Ba wanda ya yi mini wannan tambayar.”

Yanzu Illa ya ga abin daga farko har ƙarshe. Kunyar ashe ba ta gefe ɗaya ba ce. Ya haɗa 'yan kalmominsa ya yi wa likita bayani: wancan mai fassarar mijin 'yarsa ne. A wurinmu, uban mata da mijin 'ya, wannan magana ba ta wucewa tsakaninsu. Wannan ba zai faɗa ba, wancan ba zai tambaya ba.

Likita Luo ya cire tabarau ya goge. Ya ce abin mamaki, su a nan surukin da bai san halin fitsarin uban matarsa ba ai ba shi da amfani. Shi da kansa wata biyu ya yi yana ɗaukar tasar uban matarsa yana wankewa. Illa ya juya wa Alhaji maganar.

“Allah ya ba shi lada,” in ji Alhaji, yana cije leɓe. “Amma al'adar ta tsaya a ƙasarsu.”

Ba a ɓata lokaci ba. Aka yi hoton ciki, aka shiga da shi wani ɗaki aka sa masa robar fitsari. Illa yana bayan labule yana fassara umarnin nas, yana jin Alhaji yana ambaton Allah, da farko da ƙarfi, can kuma a hankali, kamar mutumin da aka sauke wa buhu daga ka. Abin da ya fita ya fi ƙarfin babbar gorar ruwa. Likita ya nuna wa Illa hoton ya yi bayani da zane a takarda: akwai wani nama a ƙasan mafitsarar maza da yake kumbura idan shekaru sun ja, shi ya matse hanya. Maganin murar da Alhaji yake sha saboda sanyin na'urar otal ya ƙara tsananta abin, a daina shi. Ƙoda ta fara kumbura amma an tare ta da wuri. Da ya hau jirgin Alhamis a haka, likita bai ƙarasa ba, ya dai girgiza kai. Za a kwantar da shi kwana uku, tafiya kuma sai an ga yadda jini ya nuna.

Da aka kai shi gado, Alhaji ya shanye kofi biyu na ruwan ɗumi, ya lumshe ido. Can ya buɗe ɗaya.

“Wai kai da wannan Sinancin naka mai kama da kukan tinkiya suke gane ka?”

Illa ya ji wani sanyi a ransa. Bakano ya dawo.

Ya fita baranda ya kira Injiniya, ya ce an kwantar da Alhaji, ciwon cikin ne za su ƙara dubawa. Kafin la'asar ta yi sanyi sai ga shi, rigarsa sharkaf da gumi, hannunsa riƙe da fulas ɗin kunun da Surayya ta dama. Bai shiga ɗakin ba. Ya tsaya a baranda ya karanta rubutun da ke saman ƙofar sashen, wanda shi yana iya karantawa, ya zauna a benci ya dafe kai.

“Baba Illa, likitan farko ya tambaya. Sau biyu ya tambaya, ƙarara. Na buɗe baki in juya wa Baba, harshena ya ƙi. Sai na ce masa, likita yana tambaya ko akwai wani abu kuma. Ya ce babu. Na ce wa likita babu.” Ya share fuska. “Kuma ina ganin yadda yake zarya. Na yi ta addu'a ya faɗa da kansa, ina kuma addu'ar kada ya faɗa a gabana.”

Illa ya zauna kusa da shi. Ya tuna babban yatsansa na shekarun baya, bai ga ta inda zai fara yi wa wani faɗa ba.

“Injiniya, tarbiyya ce aka yi maka, kuma ta kama. Shi ma ita aka yi masa. Ku biyun kuka shiga da ita ɗakin lokotoro, shi kuwa bawan Allah ba wanda ya gaya masa. Nan gaba idan babba irin wannan ne, ka tsaya a kan takardu, ka nemo wani marar kunya irina ya shiga ciki. Yanzu tashi, akwai fom guda biyar da aka ba ni, na riƙe su a juye har nas ta yi dariya.”

Haka suka raba aikin. A asibitocin nan dangi ne suke yawancin hidimar mara lafiya, saboda haka Illa ya ɗauki abin da ya shafi gado: juye jakar fitsari, rubuta awon da nas ta ce a riƙa rubutawa, riƙe Alhaji zuwa alwala. Injiniya ya ɗauki takardu da magunguna da canja ranar jirgi da kai-kawon abinci daga Panyu. Idan zai shigo, tun daga baranda yake sallama da ƙarfi ya tsaya. Illa ya ɗauko wani mayafi ruwan toka daga cikin samfurin kayan Alhaji ya lulluɓe jakar da ke rataye a gefen gado, sannan ya ce a shigo. Injiniya ya durƙusa yana kallon takalmansa.

“Baba, ya cikin?”

“Cikin da sauƙi, Injiniya. Ya mutanen gidan?”

Nas-nas ɗin suka yi ta mamakin wannan jaka mai mayafi. Da Illa ya yi musu bayani, washegari wata daga cikinsu ta riga shi lulluɓewa da ta hango Injiniya a baranda. Likita Luo kuwa ya ce da Illa shi kam ya ƙaru da abu guda: daga yau idan dattijo baƙo ya shigo da mai fassara, kafin ya tambayi ciwo zai fara tambayar me suke da juna.

Kwana goma Alhaji ya ƙara a garin. Aka cire robar, hanya ta buɗe da taimakon magani, jini ya nuna ƙoda ta koma daidai. Likita ya rubuta doguwar takarda da za a kai wa likitan Kano don a ci gaba da lura. Da Sinanci take, kuma duk garin ba wanda zai juya ta da Turanci yadda ya kamata sai mutum ɗaya. Illa ya miƙa wa Injiniya. Injiniya ya zauna ya fassara ta kalma bayan kalma, bai tsallake ko ɗaya ba, har da adadin abin da ya fita ranar farko. Ya sa a ambulan ya liƙe.

Ranar tafiya suka biyo ta Tianxiu yin sallama. A gaban Illa, Injiniya ya rusuna ya miƙa ambulan da hannu biyu.

“Baba, takardar ciwon cikin ce.”

Alhaji ya karɓa. Ya san wanda ya fassara, ya san abin da ke ciki. Ya sa ta a aljihun gaba ya dafa da tafin hannu.

“Allah ya yi maka albarka, Abdulrasheed.”

Injiniya ya ɗago kai da sauri, ya sake sunkuyarwa. Shekara shida da auren, ranar ya fara jin sunansa a bakin Alhaji. Ya ɗauki jaka ya ce bari ya je ya tsayar da mota.

Alhaji ya juya ga Illa, ya kama hannunsa mai kaushin salatif da nasa biyu, ya riƙe. Illa ya ga idon dattijon ya kawo ruwa, ya san idan aka bar abin haka su biyun za su ji kunya.

“Sakar mini hannu, Bakano, kada in duba in ga yatsa ɗaya ya ɓace.”

“Ɗan ƙauye,” in ji Alhaji. “Allah ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah ya raya maka zuri'a. Kuma kwalin nan na ƙarshe a karkace ka ɗaure shi.”

“Amin. Ka sha ruwa a jirgi. Ka nemi kujerar bakin hanya.”

Lif ya rufe. Illa ya dawo ya zagaya kwalin sau biyu yana dubawa, ya ga lallai ya ɗan karkace ta gefe ɗaya. Ya yanke salatif ɗin ya fara sabon ɗauri. Bai kai rabi ba salularsa ta yi ƙara a aljihu: wata Hajiya ce daga Maraɗi, ƙafarta ta kumbura tun saukarta, an ce da ita shi za ta nema.

“To Hajiya, sannu,” in ji Illa, ya maƙale wayar a kafaɗa yana jan salatif. “Ki bar cewa da sauƙi ɗin nan tukuna, za mu dawo kansa. Wa zai rako ki, kuma me kuke da shi?”